Amya Goma Sha Ɗaya

Ranar Laraba na miƙa makulli.
Bappah masinja ya karɓa da hannu biyu
kamar mai amsa gaisuwar mutuwa,
ya ce, "Ranka ya daɗe, da gaske ne?"
Na ce da gaske.
Fankar sama tana ta kukan da ta saba,
ba ta tsaya domina ba.

Shekara sha tara a sakatariyar Bauchi,
hawa na biyu, taga mai kallon masu gyaran babur.
Na sa hannu a takardun da ban tuna ko ɗaya ba.
Ran ashirin da takwas waya ta yi ƙara,
albashi ya sauka,
kafin la'asar mai shago da mai haya sun raba shi.
Wannan ake kira inuwa.
Na zauna cikinta har na fara funfuna.

Yayana ya taso daga Yelwa da kansa.
"Saura nawa ka kai fansho?
Wa ke sakin reshe ya kama ganye?"
Na zuba masa shayi, ba ni da amsa.
Yaya zan ce masa
tun ina ɗan shekara takwas,
a gindin ɗorawar kakana a Dass,
na kara kunne jikin amya
na ji wani gari guda yana aiki a ciki,
kuma gunjin nan bai bar kunnena ba
ko a zauren taron kasafin kuɗi?

Azumi ta yi kwana uku ba uffan.
Rana ta huɗu ta ajiye mini lissafi
a bayan takardar asibiti:
makarantar yara, buhun masara, haya, sabulu.
Can ƙasa ta rubuta, "Na ba ka damina biyu."
Sai ta ɗauko tsohon gidan sauro
ta ɗinka mini ragar rufe fuska.

Amya goma sha ɗaya na kafa a gindin dutsen Mbula.
Biyu ƙudan suka yi ƙaura a watan farko,
ɗaya kwarkwasa ta cinye.
An harbe ni a fatar ido,
na je Juma'a da ido guda,
yara na dariya, ni ma haka.
Har yau ran ashirin da takwas
hannuna kan lalubi waya. Shiru.
Ba zan ɓoye ba, akwai daren
da nake ƙirga ƙusoshin kwanon rufi
ina jin muryar yayana a cikin kowace.

Jiya kafin gari ya waye na buɗe ta bakwai.
Hayaƙin kashin shanu na tashi a hankali,
saƙa ta fito da nauyin jariri,
ja, tana ɗiga har gwiwar hannuna.
Na tsaya ina lasa kamar ɓarawo
a gonar da take tawa.

Kwalba tara na tace.
Takwas sun tafi kasuwar Wunti,
ta tara na hau da ita bene na biyu.
Bappah ya lakata da ɗan yatsa, ya lumshe ido,
ya ce kujerata an ba wani yaro daga Misau,
fankar kuma ta mutu tun azumi.

Na sauko, na tayar da babur.
Hadari na haɗuwa ta gabas.
Saura damina ɗaya.