Shekara Ashirin Ba Kabari

Ƙarfe uku na dare a Kaunas,
hawa na biyar, bututun ɗumama ɗaki na tari a bango,
shayina ya huce tun ɗazu.
A allon kwamfuta mutum sittin da huɗu suna jirana,
kowa bai fi ƙwayar wake ba,
kowa da cikinsa.

Sharaɗin gajere ne, kamar hukuncin alƙali:
a riƙe ƙauye shekara ashirin,
kada yunwa ta ci ko ɗaya, kada sanyi ya ɗauki ko ɗaya.
Sau goma sha ɗaya na gwada.
Sau goma sha ɗaya na haƙa rami.

A karo na uku na cika gina gidaje,
baki ya yi yawa, rumbu ya yi kaɗan.
A na bakwai kyarketai ne.
A na tara, da kunya nake faɗa,
na manta ban tura kowa saran itace ba,
ina can ina ƙawata bakin rijiya da furanni.
In ka ƙi ji, ai ba ka ƙi gani ba.

Sai na daina barin wasan ya raɗa musu suna.
Na ɗauko sunayen ƙauyen kakana, can wajen Varėna,
inda yanzu hayaƙi uku kawai ke tashi da safe:
Bronė mai kiwon zuma, Kazys gurgun maƙeri,
Stasė da ba ta gaisuwa sai an fara gaishe ta.
Tun daga nan hannuna ya koyi tsoro.
Wanda ka san sunansa, binne shi da nauyi.

Ga shekara ta ashirin, wata na ƙarshe.
Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar daji,
itace saura tara, kwana saura shida.
Na lissafa a bayan takardar kuɗin wuta, sau biyu,
bai kai ba.
Na rushe gadar da na yi dare huɗu ina ginawa,
na rushe gidan niƙa, na bi da rumfunan kasuwa,
na cusa kowa a gida bakwai, kai da ƙafa,
a ƙona katakon jiya don a ga gobe.

Amma Kazys.
Kazys ya fita ɗauko busasshen kifi a rumbun nesa,
yana jan ƙafa, layin ransa ya yi ja, yana ta raguwa,
ni kuwa ba ni da maɓallin da ke cewa yi sauri.
Na ɗora tafin hannu a kan allon, wai in yi masa ɗumi.
Ni, Rimantė, shekara talatin da takwas,
mai ƙirga ƙwayoyin magani a kanti,
ina lallashin ɗigon haske.

Ya shiga. Ƙofa ta rufe.
Rana ta fito a kan ƙauyen da ba gada, ba kasuwa,
sittin da huɗu cif.

Wata 'yar ƙara, kamar cokali ya taɓa kofi.
Tambari ya leƙo a kusurwa, bai fi farce ba,
wai a cikin dubu mutum huɗu suka taɓa samu,
ya ɓace kafin in gama karantawa.
Shi ke nan. Ba ganga, ba guɗa.
Firij na ta gurnaninsa.

Na zauna har motar shara ta wuce a ƙasa.
Ƙarfe shida na buga wa kaka waya, na san ya tashi.
Ya ce, lafiya?
Na ce, lafiya lau, yaya itacenka?
Ya ce ya jiƙe, rufin rumfa na yoyo tun Nuwamba,
da Kazys ne ke gyara mini,
shi kuwa bara muka kai shi, ko kin manta?

Ban manta ba.
Na duba lokacin tashin motar Asabar,
na lalubi safar hannun aiki a ƙasan kabad.
Ɗaya na gani.
Ɗayar sai in ara a can.