Minti Bakwai

A Kadawa da awa ake rabon ruwa.
Na Talle ya ƙare ƙarfe tara, nawa ya fara,
sai dai taran Talle daban, tawa daban.
Agogonsa na jan ƙafa,
nawa, gadon Baba, kullum cikin sauri.

Minti bakwai tsakaninmu!
Fangali biyu na tumatir ke nan.
Rani uku muna gaisawa sama-sama.

Ran Laraba sai ga Uwani 'yar Ilu, mai awon gonaki,
ta kafa sanda mai kai kamar faifai a bakin kwalbati.
Ta ce taurarin ɗan'adam ke jefo lokaci,
daƙiƙa ma sun yanka ta gida dubu.
Amma su ma, in ji ta, sukan kauce,
sai wata tasha a ƙasa ta aika da gyara.

Muka miƙa hannu kamar 'yan mata gun mai lalle.
Talle ya makara da huɗu.
Ni na yi gaba da uku.

Shiru, sai ƙarar ruwa.
Talle ya ɓara goro, ya miƙo min babban ɓarin.

Har yau ban juya nawa ba.
Baba ne ya saita shi.
Nakan dai jira minti uku.