Kalangun Babana a Bakin Fili

Mu ne magoya bayan Zakarun Ƙofar Gayan,
ƙungiyar da sunanta bai taɓa fita unguwa ba
sai ranar da motarmu ta mutu a Kwangila,
aka ba abokan karawa maki uku
muna can muna turi.

Babana makaɗin mahauta ne.
Kalangunsa ya san kirarin kowace wuƙa a Tudun Wada,
amma ran Asabar, da an sallame la'asar,
sai ya goge maiƙon hannunsa, ya saɓa ni a wuya,
mu nufi filin da awaki ke yi wa aski kyauta.
Turakun gora ne. Raga kuwa babu.
In ƙwallo ta shiga, sai an haɗa da rantsuwa.

A can na gane fata tana magana.
Ya matse tsarkiya a hammata, kalangu ya ce:
Gambo na Kande, taka ta, taka ta!
Gambo kuwa, mai ƙafar hagu kamar lauje,
ya yanke mutum uku,
ya ɗirka wa bishiyar mangwaro.

Baba ya rasu shekarar da muka kusa hayewa.
Kusa. Kofinmu ke nan, shi muke gogewa duk shekara.
Ya bar mini kalangu, da bashin mai goro,
da wannan ciwon da ba ya jin sassaƙe.

Lantana ta ce maza biyu ta aura:
na ranar nasara, mai shigowa da tsire a takarda,
da na sauran ranaku, mai cewa miya ta yi gishiri.
Duk da haka ita ta ɗinka mana tuta
da ragowar atamfar sunan Asabe.
Zakaran ya fito kamar agwagwa.
Har yau ba wanda ya faɗa mata.
Asabe ke riƙe da littafin sakamako:
an ci mu, an ci mu, kunnen doki, ruwa ya hana.

Sai Haladu, autana,
wanda ya fara tafiya yana bin lemon tsami a tsakar gida,
ya fasa mana tulu biyu da gilashin fitila
kafin ya iya Fatiha.
Na ce ga wanda zai fid da mu kunya.
'Yan Samaru suka zo da takalmi sabo da kuɗin mota.
Ya ce, Baba, a can akwai raga.
Na yi kwana tara ban amsa gaisuwarsa da baki ba.

Ranar da suka zo filinmu hadari ya haɗo daga Kufena.
Saura minti huɗu, ba wanda ya ci wani,
aka bugo kwana,
na ga wani kai ya tashi sama da sauran,
kan da na sha kaiwa wurin wanzami,
da ɗan tabonsa na bakin murhu.
Ba a nemi rantsuwar kowa ba. Ta shiga.

Bai yi gudu ba, bai cire riga ba.
Ya tsaya yana neman wani abu a bakin fili.

Wallahi ban yi niyya ba.
Gula ce ta faɗa kan fata da kanta,
ta fitar da taken da Baba ke yi wa 'ya'yan gidanmu
ranar suna.
Malam Barau ya dube ni kamar na sayar da unguwa.
Na ci gaba da kaɗawa, ruwa ya sauko ya rufa mini asiri.

Da dare Lantana ta leƙo ta ce, wanne ne ya dawo?
Na miƙa mata tsire, ban ce komai ba,
na taɓa miya na ce ta yi gishiri.
Asabe ta daɗe da biro a baki,
sannan ta rubuta: an ci mu,
ta ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: Haladu.

Kalangu na rataye kusa da wuta, fatarsa na bushewa.
Asabar mai zuwa muna da wasa a Gyallesu.
An ce an gyara motar.