Tawada a Kan Cinya

Kafin ladanin unguwarmu ya gyara murya
na riga na sa farar riga, na zura takalman roba.
Mayankar Tawa ba ta jiran rana.
Fitila ɗaya ce, ƙwari sun naɗa mata rawani,
pampo yana ɗiga kamar kyautar marowaci,
ungulaye sun ja sahu a kan katanga,
sun fi mu kiyaye lokacin aiki.

Aikina bai da yawa: wuƙa da tambari.
In tsaga huhu, in juya hanta,
in latsa kaluluwa da ɗan yatsa.
In nama ya yi, in buga masa shuɗiyar tawada a cinya,
ya hau amalanke, sai kasuwa.

Ran Talata Tankari ya kayar da sa,
ja, mai tozo, daga Badagishiri,
rabin kuɗinsa bashi ne, kowa ya sani.
Tankarin da muka zauna benci ɗaya a lakkwal,
wanda uwarsa ta sha dama mini fura
ba ta taɓa cewa ɗan wane ne ba.

Na sa wuƙa a huhu, ta yi ƙaras
kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a shinkafa.
Ƙuraje, cikinsu kamar ruɓaɓɓen cuku,
sun bi haƙarƙari
kamar gero ya zube a tabarma.

Ya dubi fuskata, ya gane.
Ya ja ni bayan rumfar fatu:
"Nomau, huhun ne kawai, jefa wa karnuka.
Me wuta ta taɓa bari, tun kakanni?"
Hannunsa ya lalubi aljihuna,
jikka goma a dunƙule, da ɗumin jikinsa a kansu.

Ba zan ce ban yi lissafi ba.
Kuɗin kuran na wata biyu yana wuyana.
Sai na ga Tsahara mai tuwon tasha
da ke awon kilo uku a teburinsa,
na ga ƴan makaranta da burodi a tsage
suna jiran tsire mai rabin gashi,
na ga ɗiyata Baraka tana tsotsar ɓargo,
mai yana bin gwiwar hannunta.

Na ce, "Tambarin nan ba nawa ba ne.
Na wanda zai ci ne, bai gani ba."

Muka haƙa rami bayan katanga,
muka kwarara kananzir, muka rufe.
Sati uku ba sallama.
A masallaci ya sauya sahu.
Rundawa suka laƙaba mini Hana-ruwa-gudu.

Sarkin fawa ne ya tara su a ƙarshe:
kowace dabba, dala ɗari a asusu,
don ranar da rami zai ci san wani.
Ni kuma na yi ta sintiri ofishin magajin gari,
a ba mu ƙugiyoyi, nama ya bar ƙasa.
Ashirin muka roƙa, shida suka zo.
Pampon har yau bai tuba ba.

Jiya na ratsa ta layin mahauta.
Teburinsa a kankare, nama cikin raga,
bokiti da sabulu a gefen ƙafarsa,
yaro daban ke karɓar kuɗi.
Bai ɗaga kai ba.
Sai da na wuce ya ce, "Nomau."
Ya goge wuƙa, ya sake goge ta.
"Tarin nan nawa ya kai wata biyu.
Da dare sai zufa."

Na dubi wuyan rigarsa, ya yi masa yawa.

Gobe zan bar wa mataimakina tambari.
Zan goya Tankari a babur zuwa asibiti,
ya riƙe ni da kyau,
hanyar akwai ramuka.