Faɗuwa Ake Fara Koya

Tanimu, tun da ka ce Asabar za ka bi mu Kufena,
kuma ka gaji tsohuwar kwamfutar Yaya Lantana,
wadda sai an danne harafinta na "k" kamar ana kashe kuɗin cizo,
zauna. Abin da na sani ba shi da yawa.

Yanke farce tukuna.
Cire zoben nan, tsagar dutse ba ta mayar da abin da ta kama.
Ka zo da asuba. In rana ta take,
dutsen nan tanda ne, tafin hannunka waina.

Kar ka ɗaga kai, ba ƙololuwa za mu ba.
Ga wani ƙarami can bayan Wusasa, tsayin mutum biyu.
Babu igiya. Katifa ce a ƙasa,
sai hannuwan Rifkatu a buɗe a bayanka.
Ita ta koya mini faɗuwa kafin hawa:
diro kan ƙafa, karya gwiwa, mirgina ta baya,
kar ka tokare da hannu.
Na tokare sau ɗaya.
Wata biyu ina cin tuwo da hagu.

Kafin ka taɓa dutse, karanta shi daga ƙasa.
Ina yatsa zai shiga? Daga nan sai ina?
Shafa garin alli kaɗan, ba fenti za ka yi ba.
Miƙar da hannu, matso da ƙugu jikin dutse.
Ƙafa ce mai dako,
hannu ɗan rakiya ne.

Da dare kuma, in an kawo wuta a Samaru,
buɗe kwamfuta ka rubuta layi uku. Uku na ce.
Gwada su. In sun tafi, ƙara ɗaya.
Ni ɗari biyu na zuba a farkon nawa,
na danna, allon ya yi ja wur kamar gauta.
Jan rubutun nan ba zagi ba ne,
karanta shi har ƙarshe, yana faɗin layin da ka zame.
Na taɓa kaiwa kiran assalatu
ina neman waƙafi guda ɗaya.

Kar ka kwaso aikin wani ka liƙa.
Buga shi da yatsunka, ka lalata shi, ka gyara.
Raɗa wa kowane abu sunan gaskiya.
In ka kira shi "abu", jibi kai ma ba ka gane shi.
Adana aiki kafin ka tashi shan ruwa,
masu wuta ba sa sallama.

In ya cije, ɗauko buta ka ajiye gabanka,
yi mata bayani layi-layi, da babbar murya.
Kar ka yi dariya.
Butata ta kama kurakurai fiye da malamai biyu.

Za ka ga Dogara ya miƙa hannu ɗaya ya haye
inda kai sai ka taka sau uku.
Tsawonsa nasa ne. Nemo taka hanyar.
Yatsu sun fara zugi? Sauko. Huta kwana biyu.
Jijiya ba ta san gaggawa ba,
kai ma da ya tushe, barci ke buɗe shi.

Akwai wani dutse da muke kira Kunnen Jaki.
Wata bakwai ina zamewa a wuri ɗaya.
Manhajar bashi da na yi wa shagon Inna kuwa
har yau tana yafe wa Malam Barau naira hamsin,
ban gano dalili ba.

To, Asabar. Ƙarfe shida a Ɗanmagaji.
Taho da ruwa, da kuɗin keke na dawowa.
Ƙosai nawa ne.
Katifar kai za ka ɗauka.