Kaurin Ɓawon Albasa

Watan Afirilu, Tawa, bayan azahar,
kwalta ta yi laushi har tana riƙe takalmi.
Yayana Asumane ya tsaya bakin garejina
da tsohuwar motarsa mai launin toka,
riga ta manne masa a gadon baya.
Shekara huɗu rabon da ya kira sunana,
tun ranar da aka ja igiya a gonar Baba.
Yau ma bai kira ba.
Yarona ya duba, ya ce, "Kilim ta ƙi."

Na ɗaga kapo.
Sala'u, tada mota, danna maɓalli.
Fanka na huro numfashin maƙera,
puli na ta juyi,
farantin gabansa kuwa tsaye cik.
Ƙas ɗin nan da kunnena ke jira,
shiru.

Na zare fizibul, na ɗaga shi ga rana,
zarensa lafiya lau.
Na ciro rele, na musanya da na oda,
oda ta kwarma ihu, awakin maƙwabta suka watse.
Shi ma ba shi da laifi.
Na ɗaura agogon gas,
allura ta hau ta zauna inda ya dace.
Da kuɗinsa nake so, da nan zan ci su,
in ce gas ya tsiyaye,
in cika abin da yake cike.

Yana tsaye ƙarƙashin dogonyaro,
yana karanta lambar motarsa kamar baƙuwa.

Na kwanta a kwali, na bi waya da ƴar fitila
har bakin kwamfuresa.
Ta kama, ja wur.
Ashe wuta na isowa,
ashe saƙo bai ɓata a hanya ba.
Na juya guduma, na ɗan taɓa farantin da ƙota.
Ƙas!
Ya kama, ya juya, bututu ya soma raɓa.
Sala'u ya kashe, ya sake kunnawa,
shiru kuma.

To, na gane ka.
Shekaru sun cinye fuskar ƙarfe,
maganaɗisu na kira daga ciki,
faranti na ji,
tazara ce ta fi ƙarfinsa.

Kusa ɗaya, kile lamba goma.
Na zame farantin, yana ƙona mini yatsu.
A bayansa ga ƴan zobba uku,
na cire guda,
kaurinsa bai wuce ɓawon albasa ba.
Na mayar, na ɗaure.
Danna, Sala'u.
Ƙas.
Kashe. Danna.
Ƙas.

Asumane ya shiga, ya tara hannu a bakin iska,
ya daɗe haka, idonsa a rufe.
Sannan ya sauke gilashi.
"Nawa ne, Hamidin?"

Na buɗe tafina baƙi ƙirin na nuna masa zoben.
Ban sa komai ba, na ce,
cirewa na yi.

Ya dubi sitiyari.
"Gobe da asuba zan kai Inna asibitin Galmi,
zafi na tada mata haki."
Injin na ta kaɗawa tsakaninmu.
"Akwai wuri a baya."

Ban amsa ba.
Na jefa zoben a aljihu,
na goge hannu da tsumma,
na miƙa wa Sala'u makullin gareji:
gobe kai za ka buɗe,
kuma kada ka taɓa motar likitan nan sai na dawo.