Ɗacin da Na Sani

A can Mokhotlong, inda dutse ke hawa kan dutse,
inda ƙanƙara kan sauko ta kwana a gadon bayan tumaki,
uwata Mampoi na da wata 'yar ciyawa a bakin rafi.
Lengana take ce mata. Tazargade.
Ganyenta toka-toka, yage-yage kamar gefen tsohon bargo,
in ka murza shi a tafin hannu, warin ya raka ka har makwanci.

Tari ya kama ɗayanmu, sai ta cusa masa ganyen a hanci,
ta dafa saura a baƙar tukunya mai ƙafa uku,
ta kife mu da bargo a kan tururi,
muna ihu, tana ƙirga mana: ɗaya, biyu, uku.
Ta ce a goma za ta buɗe. Ba ta taɓa tsayawa a goma ba.
Murɗar ciki, tazargade. Zazzaɓi, tazargade.
Yayana Lebusa, da ƙafarsa kan kori kare in ya dawo kiwo,
har cikin takalminsa tazargade.
Daga nan sai kofin ƙarfen nan mai ɓantararren baki.
Na roƙi sukari, ko ɗan lakuce.
Ta ce, "Sukari na baƙi ne.
Cuta ake kora, ke kuma kina so a yi mata shimfiɗa."

Na rantse in na girma ni da ganyen nan har abada.

Na kuwa girma. Na gangara Maseru,
shekara goma sha ɗaya ina ɗinka aljihun wando
ga mutanen da ban taɓa gani ba.
Kai ya sara mini, in sayi farar ƙwaya marar ɗanɗano,
in kora ta da shayi mai sukari cokali uku
kamar mai ramuwar gayya.

Sai saƙo ya zo a watan Yuli, sanyi na tsakiyar ganiyarsa:
ƙirjin uwarki yana kuka.
Mota ta ajiye ni inda hanya ta ƙare, doki ya ƙarasa da ni.
Na zo da maganin asibiti. Ta sha, ba gardama,
ta goge baki, ta ce, "To, yanzu ɗebo mini nawa."

Na tsaya a bakin rafi kamar baƙuwa.
Sanyi ya ƙone komai, ciyawa duk launi guda,
mura ta toshe mini hanci,
ido ya saba da zare da allura, ya manta ganye.
Kunyar komawa hannu rabbana
ta sa na durƙusa na shiga ɗanɗane.
Wannan lami. Wannan ɗan bauri. Wannan ƙasa ce zalla.
Can, a lungun dutse, wani busasshen reshe
ya wanke harshena da mari,
ya bi maƙogwaro, ya matse mini ido,
sai ga ni cikin bargo, 'yar shekara shida,
ana ƙirga mini.

Na dafa. Kofin yana nan inda na bar shi.
Hannuna ya nufi gwangwanin sukari,
ta dube ni ta wutsiyar ido, na janye.
Ta kurɓa sau ɗaya, fuskarta ta yamutse kamar tsumma.
"Tir!" ta ce. "Har yau ban saba ba."
Na ce, "Ashe ke ma ba kya so?"
Ta ce, "Wa ya gaya miki daɗinta nake ji?
Shekara saba'in ina ƙin ta.
Ita dai ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Iska na taɓa ƙofa, wuta na cin kashin shanu a murhu.
Ta sha rabi, ta tura mini kofin da yatsa biyu.
"Saura naki. Hancinki na zuba."
Na ɗaga, na rufe ido.
Cikin muryar da tari ya dusashe
na ji ta fara: ɗaya, biyu.